Cingam Da Batun Rage Ƙiba: Darasin Da Goro Ya Bar Wa Mutanen Lolo

A 'yan shekarun nan wata magana ta bazu tsakanin matasa, musamman 'yan mata da matan aure, cewa wai taunar cingam na kashe yunwa, kuma wai duk wanda ya lazimce ta zai rage ƙiba ba tare da ya sha wata wahala ba. Maganar ta taso ne daga Amurka da ƙasashen Turai, inda ƙiba ta daɗe da zama babbar damuwa, sa'an nan ta biyo wayoyin hannu har ta iso garuruwan bakin iyaka irin su Lolo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda ba a rasa cingam a teburin ɗan tireda ko a farantin 'yar talla. Tun da yake abin ya shafi lafiyar jama'a, kuma ya shafi ɗan kuɗin da talaka ke fitarwa daga aljihunsa, ya kamata a tsaya a duba shi da idon basira kafin ya zama al'ada.

Gaskiyar maganar a taƙaice ita ce, tauna na iya lallashin yunwa na ɗan lokaci kaɗan, amma ba ta biya mata bukata, kuma ba ta narkar da kitse. Likitoci sun auna abin, sun sami haka. Tun kafin likitoci su auna kuwa, mutanen wannan yanki sun riga sun san haka ta hanyar goro, wanda kakanninsu suka yi shekaru aru-aru suna fataucinsa, suna kuma taunarsa a kan hanya.

Hanyar Gwanja

Wanda ya san tarihin ƙasar Illo, wadda ba ta da nisa da Lolo, ya san cewa tana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da fataken goro ke bi a ƙarni na 18 da na 19. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, ya ƙetare Kogin Kwara a wajajen Illo ko Gaya, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, waɗanda yanzu suke cikin Jamhuriyar Benin, har ya dangana da kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan sana'a. Kowane ayari da madugunsa da jagabansa da uban dawakinsa, ga jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu a tafiya, ga huhunan goro a komowa. Tafiya ce ta watanni a ƙasa, cikin rana da ƙura, wani lokaci kuma cikin fargabar 'yan fashi.

A irin wannan tafiya ne aka san amfanin goro sosai. Falke kan ɓara goro da hantsi ya jefa a baki, sai ya ji gajiya ta ragu, barci ya kau, yunwa ta lafa, har ya kai zango. Dalilin haka yanzu sananne ne. Goro na ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin gahawa da shayi, wanda ke farkar da ƙwaƙwalwa, ya kuma danne sha'awar abinci na ɗan lokaci. Saboda wannan ne ma sunan goro ya shiga cikin sunan lemon Coca-Cola da aka fara sayarwa a Amurka a 1886.

Amma fa abin lura shi ne, babu falken da ya taɓa ɗaukar goro a matsayin guzuri. Ayari ba ya tashi sai da gero da dawa da garin fura, kuma idan aka sauka a zango, abin da ake fara yi shi ne a hura wuta a ɗora tukunya. Goro aikinsa ya kai mutum daga wannan tuwo zuwa wancan. Ramar da ake gani a jikin falke idan ya komo gida, tafiyar ƙasa ce da ƙarancin abinci suka jawo ta. Attajirin da ke zaune a zaurensa a Jega ko Kano, wanda ya fi kowane ɗan ayari cin goro, har da zaɓaɓɓen daushe, bai rame ba ko kaɗan, don kuwa yana cin tuwonsa da mai yana kuma hutawa. Har yau ɗin nan ana ganin haka a kowace kasuwa: ga mai cin goro siriri, ga mai cin goro ƙato. Da tauna ce ke rage ƙiba, da ba a sami mai teɓa ko ɗaya ba cikin dillalan goro.

To, idan goro, wanda ke da kafin a cikinsa, bai iya wannan aiki ba, ina ga cingam, wanda ba shi da komai sai danƙo da zaƙi da ƙamshi?

Abin Da Likitoci Suka Auna

Cingam na zamani ya samo asali ne a Amurka wajen 1870, lokacin da wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Adams ya fara sarrafa danƙon wata bishiya ta ƙasar Meksiko yana sayarwa a birnin New York. A 1891 kuma William Wrigley ya kafa kamfaninsa a Chicago, inda ya fara da sayar da sabulu, yana ba da cingam kyauta ga masu sayen kayansa, har cingam ɗin ya fi kayan farin jini. Yawancin wanda ake sayarwa a yau ba danƙon itace ba ne, roba ce da ake haɗawa a masana'anta, a zuba mata sukari ko wani abin zaƙi. Wato tun asalinsa alewa ce. Yaran ƙasar Hausa ma sun daɗe suna taunar ƙaro a daji, ba wanda ya taɓa kiransa maganin ƙiba.

Masu cewa cingam na rage ƙiba suna kafa hujja da abu biyu. Na farko, wai motsin muƙamuƙi na ƙona kitse. Na biyu, wai tauna na hana yawan ci. Dukansu biyu an gwada su.

Game da na farko, a 1999 wasu likitoci na asibitin Mayo a Amurka suka auna ƙarfin da jiki ke kashewa wajen taunar cingam, suka sami kimanin kalori 11 a awa ɗaya. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kuma baligi na bukatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a yini. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa daidai yake da kalori wajen 7,700. Idan aka yi lissafi, sai mutum ya yi awa 700 yana tauna kafin ya zubar da kilo ɗaya tak. Wanda ke tauna awa biyu kullum, ba fashi, zai yi kusan shekara guda kafin ya kai wannan adadi. Wannan ma idan cingam ɗin ba shi da sukari ke nan. Mai sukari kuwa, ƙwaya ɗaya na ɗauke da kalori wajen 10, watau abin da aka ƙona a awa guda an riga an haɗiye shi a mintunan farko. Cokali ɗaya babba na man gyaɗa ya kai kalori 120, daidai da taunar awa 11. Kwalbar lemo guda ta fi haka. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma ya san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Game da na biyu kuwa, akwai ɗan ƙamshin gaskiya, kuma adalci ne a faɗe shi. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2007 ya nuna cewa waɗanda suka tauna cingam bayan abincin rana sun rage cin kayan ƙwalama da yamma da kimanin kalori 36, watau kwatankwacin ƙaramin cokali biyu na sukari. Amma wannan awo ne na yini ɗaya a ɗakin bincike. Da aka zo gwada abin na tsawon lokaci, sai labari ya sha bamban. A Jami'ar Alabama ta birnin Birmingham a Amurka, an ɗauki mutum 201 masu ƙiba aka raba su gida biyu. Aka bai wa kowa bayani kan cin abinci mai kyau, aka kuma umurci kashi ɗaya su riƙa taunar cingam aƙalla minti 90 kullum har mako takwas. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna babu wani bambancin a zo a gani tsakanin nauyin masu tauna da na waɗanda ba su tauna ba. A 2013 kuma, masu bincike a Jami'ar Buffalo suka gano cewa masu taunar cingam mai na'ana'a kafin cin abinci ba su rage jimillar abin da suke ci ba. Abin da suka rage shi ne 'ya'yan itatuwa, domin na'ana'a na ɓata ɗanɗanonsu a baki, kamar yadda lemon zaƙi ke yin ɗaci bayan an goge haƙora da man goge baki.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Yunwa ba a baki take ba. Idan ciki ya zama wayam, yakan saki wani sinadari da masana a Japan suka gano a 1999, suka sa masa suna girelin, shi ne ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon a nemi abinci. Ƙoshi kuma na zuwa ne idan abinci ya cika tumbi, ya gangara hanji, jini ya sami abin da yake bukata. Tauna na sa ƙwaƙwalwa ta zaci abinci na tafe, yawu ya zubo, ciki ya yi shiri. Idan aka jima ba abin da ya iso, sai yunwa ta komo. Ba banza ba Bahaushe ya yi mata kirari da cewa a ba ki a huta.

Inda Haɗarin Yake

Da a ce abin ya tsaya ga rashin amfani kawai, da sai a ce asarar kuɗi ce, a bar kowa da aljihunsa. Amma akwai cutarwa a ciki. Cingam marar sukari, wanda shi ne ake yabawa don rage ƙiba, ana zaƙaƙa shi ne galibi da wani sinadari mai suna sobitol, wanda hanji ba ya iya tsotsewa sosai. Idan ya yi yawa sai ya jawo ruwa cikin hanji, ya haifar da kumburin ciki da murɗa da zawo. A 2008 likitocin asibitin Charité na birnin Berlin a Jamus suka ba da labarin majinyata biyu a mujallar likitocin Birtaniya. Ɗaya budurwa ce 'yar shekara 21, wadda ta yi wata takwas tana fama da zawo da ciwon ciki, ta zubar da kilo 11. Ɗayan namiji ne ɗan shekara 46, wanda ya zubar da kilo 22 cikin shekara guda. An yi musu gwaje-gwaje iri-iri ba a gano komai ba, sai da aka tambaye su abin da suke ci, aka tarar kowannensu na taunar cingam marar sukari da yawa kullum. Da suka daina, zawon ya tsaya, jikinsu ya komo. Wannan ita ce ramar da cingam ke iya kawowa, kuma rama ce ta ciwo, irin wadda ba mai hankalin da zai nema.

Saboda wannan haɗari ne dokar Tarayyar Turai ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin irin wannan kaya, cewa yawan cinsa na iya sa gudawa. To amma a gari kamar Lolo, inda kaya ke shigowa daga kasuwannin Benin irin ta Malanville da rubutun Faransanci, wasu kuma daga kudancin ƙasar nan da rubutun Turanci ƙanana kamar ƙafar kiyashi, mutum nawa ne cikin masu saye za su karanta gargaɗin? Sau da yawa ma ƙwaya-ƙwaya ake sayarwa, kwalin da ke da rubutun yana can wurin mai shago. Zawo kuwa ba abin wasa ba ne a yankin da ke bakin kogi, inda cututtukan ruwa suka riga suka yi yawa, inda kuma za a iya ɗaukar zawon cingam a matsayin wata cuta a yi ta shan magunguna a banza.

Bayan wannan akwai ciwon muƙamuƙi da ciwon kai da yawan tauna ke jawowa, da iskar da ake haɗiya tana kumbura ciki, da ruɓewar haƙori ga masu taunar mai sukari dare da rana. Goro ma, duk da darajarsa a al'ada, yana da nasa. Cinsa da yawa a kan yunwa na tayar da ciwo ga masu gyambon ciki, yana hana barci, yana sa bugun zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mata masu juna biyu da ke shan kafin fiye da miligiram 300 a yini su rage, kuma goro na cikin wannan lissafi tare da shayi da gahawa.

Babban haɗarin duka shi ne na tsallake abinci. Yarinyar da ta yarda cewa cingam na maye gurbin karin kumallo, za ta tafi makaranta ko talla da ciki wayam. A nan ne ya kamata a tuna halin da Jihar Kebbi take ciki. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki, adadin da ya fi na kowace jiha a lokacin, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Binciken ya kuma nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar abinci ta ƙaru ƙwarai, har hauhawar farashinsa ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. A irin wannan ƙasa, budurwar da ke hana kanta abinci yau ita ce uwar gobe. Idan ta shiga ɗakin miji da ƙarancin jini, ita ce za ta wahala wajen haihuwa, kuma jaririnta ne zai zo duniya da ƙaramin jiki. Shawarar da aka tsara don ma'aikacin ofis a Chicago, wanda abinci ya yi masa yawa, ba ta dace da 'yar manomin shinkafa ko 'yar masunci a Lolo ba.

Abin mamaki ma shi ne, a kasuwannin Arewa, kusa da mai sayar da abin da ake cewa na rage ƙiba, akan sami mai sayar da ƙwayoyin ƙara ƙiba, irin waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda ke kumbura jiki su jawo hawan jini da ciwon sukari. Wata na sayen wannan don ta cika, wata na sayen wancan don ta rage, dukansu biyu kuwa ba wadda ta hau ma'auni ko ta ga ma'aikacin lafiya. Mai riba a tsakani shi ne ɗan kasuwa.

Masu Bukatar Ragewa Da Gaske

Ba a ce babu masu ƙiba a wannan yanki ba. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya nauyinsu ya wuce kima, kuma ko a ƙauye ana samun 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata da matan da ba su cika fita ba, waɗanda teɓa ta fara yi wa illa. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, injin niƙa ya maye gurbin turmi, shayi mai sukari da madara da lemon kwalba sun zama abin yau da kullum. Ƙiba na buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa, saboda haka wanda ya damu da ita yana da hujja. Irin wannan mutum shi ne cingam ya fi cuta, domin yana sa shi ya zaci ya kama magani, ya bar abin da zai amfane shi.

Matakin farko shi ne mutum ya tabbatar ko yana da ƙibar ma tukuna. Akwai hanya mai sauƙi da likitoci suka yarda da ita, wadda ba ta bukatar ko sisi. A sami igiya a auna tsayin mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai wajen cibiya. Idan ta zagaye, to babu damuwa. Idan ta kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, sai a nemi shawarar asibiti, a auna jini da sukari. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba gaira ba dalili, kada ya yi murna, domin tarin fuka da ciwon sukari duk suna farawa da haka. Ya gaggauta zuwa asibitin da ya fi kusa, idan ta kama a tura shi Birnin Kebbi.

Mataki na biyu shi ne gyaran akushi. A rage sukarin shayi, a rage lemon kwalba, a rage man da ake malalawa a kan shinkafa da taliya. A yawaita wake da zogale da rama da kuɓewa da kifi, waɗanda Allah ya hore wa mutanen bakin Kwara, domin su ne ke riƙe ciki su daɗe ba a ji yunwa ba. Tuwon dawa da na gero da furar da ba a cika wa sukari ba sun fi farin burodi riƙe mutum. Mataki na uku shi ne motsa jiki. Tafiyar rabin awa da sauri na ƙona abin da taunar awa goma ba za ta ƙona ba, ga ta kuma da amfani ga zuciya.

Idan kuwa tauna ake so, to a tauna abincin kansa. A farkon ƙarni na 20 wani Ba'amurke mai suna Horace Fletcher, wanda ya rasu a 1919, ya yi suna wajen kiran mutane su riƙa tauna kowace loma har ta zama ruwa. Ya wuce gona da iri, amma akwai gaskiya a gindin maganarsa: wanda ke ci a natse yakan ji ƙoshi kafin ya cika ciki, domin saƙon ƙoshi na ɗaukar mintuna kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Musulmi kuwa ba ya bukatar Fletcher ya koya masa wannan, tun da addininsa ya riga ya hore shi da ya raba cikinsa uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Cingam ma yana da wurinsa, kada a zalunce shi. Marar sukari, idan an tauna kaɗan bayan cin abinci, yana ƙara yawu, yawu kuma na kare haƙora, ko da yake bai kai asuwaki da buroshi ba. A wasu asibitoci akan bai wa wanda aka yi wa aikin hanji ko matar da aka yi wa tiyatar haihuwa cingam don hanji ya farka da wuri. Akwai kuma na musamman mai nikotin da ake bai wa masu son barin taba. Waɗannan duk an gwada an ga amfaninsu. Rage ƙiba ne aka gwada ba a gani ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Nauyi na farko yana wuyan Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna, kuma doka ta ba ta ikon tantance tallarsu. Duk wani cingam ko alewa ko shayi da aka ce yana rage ƙiba, ya kamata a nemi mai shi ya kawo hujja, in ba shi da ita a hana shi wannan iƙirari, ko a rediyo ne, ko a waya, ko a lasifikar kasuwa. Ya kamata kuma hukumar ta haɗa kai da jami'an kwastan na iyakokin Lolo da Tsamiya, don a tabbatar kayan ci da ke shigowa suna da rajista da ranar lalacewa da gargaɗin da ya dace.

Nauyi na biyu yana wuyan Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da Ƙaramar Hukumar Bagudo. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar mai zawon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ko yana yawan taunar cingam, tambaya ce da ba ta cin kuɗi amma tana iya raba mutum da wahalar watanni. A ranakun awon ciki da na rigakafi a riƙa yi wa mata bayanin nauyin da ya dace da jiki, da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, yadda kowa zai fahimta. Gidajen rediyon jiha su ma su ba da fili ga likitoci su yi wannan bayani.

Nauyi na uku kuwa, wanda ya fi sauran, na iyaye ne da malaman makaranta da na Islamiyya. Uwar da ta ga 'yarta ta fara ture kwanon koko da safe, bakinta kuwa ba ya rabuwa da cingam, ta zaunar da ita ta ji dalili, cikin lallashi ba da tsawa ba. Mazaje da samari kuma su ji tsoron Allah su daina yi wa mata gori da jikinsu, yau a ce wannan ta cika rama, gobe a ce waccan ta cika ƙiba, domin irin wannan gori ne ke tura su ga ɗan tireda da mai ƙwaya.

Dattawan Lolo da Illo da suka gaji cin goro daga iyayensu sun fi kowa cancantar su faɗa wa jikokinsu gaskiyar wannan al'amari, tun da sun san iyakar abin da tauna ke iya yi. Lafiya uwar jiki ce, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya ba hukumomi ikon sauke nauyin da ke kansu, ya kuma wadata ƙasa da abinci.